Yadda Mandolin Ta Nemi Murya a Gaban Taro

Mandolin 'yar ƙaramar abar kiɗa ce mai tsirkiya 8, jere biyu-biyu, wadda ta yi suna a birnin Naples na Italiya tun ƙarni na 18. Muryarta siririya ce mai daɗi, sai dai da an taɓa tsirkiya sautin ya fito ya mutu nan take. Idan taro ya cika, ko ganguna suka shigo, ba a jin ta.

Da farko a jikin katako aka nemi maganin. Lloyd Loar na kamfanin Gibson a Amurka ya fito da samfurin F-5 a 1922, ya sassaƙa fuskarta kamar ta goge irin na Turawa don sauti ya yi nisa. Irinta makaɗi Bill Monroe ya riƙe a dandalin Grand Ole Opry na Nashville, inda makaɗa kan kewaye makirufo guda, wanda layi ya zo kansa ya matso kusa, sauran su ja baya.

Sai lantarki ya shigo. Gibson ta fitar da mandolin mai lantarki EM-150 a 1936, kamfanin Fender ya biyo da tasa a 1956. Maganaɗisu ne ke ɗaukar rawar tsirkiyar ƙarfe, ƙara ta samu ƙwarai, amma bai san da zaman katakon ba, don haka abin da ke fita daga lasifika ya fi kama da ƙaramar jita. U. Srinivas na Indiya ya rungumi wannan sauti ya gina kiɗansa a kai, ya kuma burge duniya.

Masu son muryar asali kuwa ba su haƙura ba. Daga shekarun 1960 kamfanin Barcus-Berry, daga baya na Fishman, suka kawo 'yar na'urar fiyezo da ake sawa a jakin da ke ɗauke da tsirkiya ko a manna a fuskar katako. Ta rage kukan lasifika da makirufo kan jawo, amma sautinta na da kaushi, musamman idan an jona ta kai tsaye ba tare da akwatin da ke daidaita ƙarfin siginar ba. Nan ne da yawa ke yin kuskure, su zargi kayan kiɗan alhali laifin na jonawa ne.

Yau akwai na'urori irin su ToneDexter da ke sauraron mandolin ta makirufo, su koyi muryarta, su gyara ta fiyezo ta yi kama da ita. A ganina wannan ne ci gaba mafi ma'ana tun zamanin Loar, ko da yake a zauren da babu hayaniya har gobe makirufo mai kyau zan zaɓa.