Haƙar Kuza a Tsaunukan Jos da Gidajen Manajojin Rayfield

Kuza baƙar tsakuwa ce mai nauyi da ake narkarwa a fitar da farin ƙarfen da ake shafe gwangwani da shi. Cibiyar haƙarta a Najeriya ita ce tsaunukan Jos, musamman Bukuru, Barikin Ladi, Bisichi da Naraguta.

Yawancin rubuce-rubuce sukan ɗauko tarihin daga zuwan Turawa, wasu su ce 1902, wasu 1904. Duka biyun shekarun zuwan kamfani ne, sana'ar kuwa ta girme su nesa ba kusa ba. Tun kafin nan Hausawan Liruwen Kano, wato Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a yau, da 'yan'uwansu na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna wanke kuza a rafi, su narka, su zuba ruwan ƙarfen cikin 'yan ramukan da aka huda da tsinken ciyawa a jikin yumɓu. Sai ya fito siri-siri, fatake su ɗaure dami-dami su kai kasuwanni. Irin waɗannan tsinkayen ne William Wallace na Kamfanin Neja ya gani a hannun 'yan kasuwar kogin Binuwai a shekarun 1880, kamfanin ya shiga neman tushensu. A 1902 George Nicolaus ya gano yankin, daga bisani Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta. Ba a daɗe ba dokokin mallakar fili suka raba maƙeran Liruwe da wuraren da suka gada.

Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, layin gabas ta Kafanchan ya biyo a 1927. Ƙananan kamfanoni suka dunƙule, kamfanin ATMN ya zama babbansu.

Lokacin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne 1942 zuwa 1944. Da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza ana tsakiyar yaƙi, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa En'e-En'e tara lebura da ƙarfi. Mutane suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Hakimi ya rarraba wa dagatai adadi, dagaci ya nuna wanda za a ɗauka, kuma galibi talakan da ba shi da mai tsaya masa ake nunawa. Dubun-dubatar manoma daga lardunan Zariya, Bauchi, Katsina, Sakkwato da Binuwai aka kwaso, kowane rukuni ya yi 'yan watanni. Aikin diga ne da shebur da ɗaukar kwanon ƙasa a ka, daga ƙasan rami zuwa wurin wanki, helma yana tsaye a kai. Masauki bukkokin ciyawa ne, abinci bai isa ba, ga sanyin da mutumin kwarin Binuwai bai taɓa sani ba. Ciwon haƙarƙari da gudawa sun kashe mutane da yawa, wasu suka tsere cikin dare. A 1943 aka fitar da kusan tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba, kuma shi littattafai suka fi ambata, alhali gonakin da aka bari ba mai nomawa su ne suka biya kuɗinsa. Littafin Bill Freund na 1981 ne ya fi bai wa wannan zamani haƙƙinsa.

Manyan Turawan kamfani kuwa a Rayfield da makamantanta suka zauna, cikin gidajen dutse masu faɗin baranda, da murhun jin ɗumi a falo, da lambun furanni, da ɗakunan kuku da boyi can baya, ga filin wasan golf a kusa. Unguwar ta ci gaba da zama ta manya, har gidan gwamnatin jihar Filato a can yake. Tafkin da ake zuwa shaƙatawa a Rayfield ma tsohon ramin kuza ne da ruwa ya cika. Mai ziyara yakan haɗa da gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ta ƙoƙarin Bernard Fagg, inda ake ajiye sassaƙen Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928.

An kafa masana'antar narka kuza ta Makeri a farkon shekarun 1960. Kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, kamfanoni suka watse, wani ramin haƙa na ƙarƙashin ƙasa da ke Riruwai shi ma ya tsaya a shekarun nan. Yanzu 'yan loto ne ke haƙa da hannu, tsoffin kududdufan kuma manoman rani na ban ruwan dankali da kabeji da su.