Kotu ta sallame shi, fasfo bai dawo ba

A darasin tarihi mukan koya wa yara cewa Gana ta samu ƴancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Ina so mu riƙa ƙarawa da labarin baƙon da Nkrumah ya gayyata, aka hana shi zuwa: W.E.B. Du Bois, malamin nan baƙar fatar Amurka da ya daɗe yana shirya tarukan haɗin kan Afirka.

A 1951 gwamnatin Amurka ta gurfanar da shi, tsoho mai shekara 83, wai ƙungiyarsa mai adawa da makaman nukiliya tana yi wa ƙasar waje aiki ba rajista. Alƙali ya kori ƙarar, babu hujja. Amma fasfo shiru. Aka ce sai ya sa hannu cewa shi ba ɗan kwaminis ba ne, ya ƙi. Riƙe fasfon wanda ake tuhuma don kada ya gudu, wannan na gane. Wanda kotu ta wanke fa?

Sai 1958, da Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi, ya samu fita. Ya ƙaura Akra a 1961, can ya rasu a 1963.