Bom Jesus: jirgin ruwan da aka tono daga rairayin Namibiya

Bom Jesus sunan wani jirgin ruwan fatauci ne na ƙasar Fotugal, wanda ya tashi daga Lisbon a watan Maris na 1533 zuwa Indiya, ya ɓace a hanya. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai a watan Afrilu na 2008, lokacin da ma'aikatan kamfanin haƙar lu'ulu'u na Namdeb suka ci karo da tarkacensa kusa da garin Oranjemund, a gaɓar tekun kudancin Namibiya.

Kamfanin kan tara tudun rairayi ya tare ruwan teku, sannan ya yi haƙa a busasshen wurin. A nan ne aka fara ganin katako da curin tagulla, sai aka dakatar da aiki aka kira masana kayan tarihi.

An samu tsabar zinariya kimanin 2,000, akasarinsu na Sipaniya da Fotugal, da tagulla wajen tan 20 mai ɗauke da tambarin gidan Fugger, attajiran Jamus na wancan zamani. Akwai kuma igwa, da kayan auna hanya a teku, da hauren giwa sama da 100.

Gano sunan jirgin bai zo da sauƙi ba, domin girgizar ƙasar da ta rushe Lisbon a 1755 ta hallaka yawancin takardun cinikin Indiya. Tsabar da aka buga a zamanin Sarki João na uku su suka nuna lokacin, sannan aka gwada kayan da ragowar bayanan jiragen da suka ɓace.

Hauren giwar ya fi zinariyar ba da labari. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa na giwayen daji ne na Afirka ta Yamma, daga garke 17 daban-daban, kuma zuriyar huɗu kaɗai ake samu a yau. Wannan shaida ce ta irin ɓarnar da cinikin haure ya yi wa giwayen yankin.

Abin da ya ceci jirgin daga masu farautar dukiya shi ne wurin da ya nutse: yanki ne na lu'ulu'u da aka hana shiga tun 1908. A wasu gaɓoɓin duniya, masu neman zinariya kan wargaza irin wannan tarkace su sayar da tsabar, sauran kuma su watsar, tarihin ya tafi ke nan. Don haka ne yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta hana cinikin kayan tarihin ƙarƙashin ruwa. Kayan Bom Jesus dai suna hannun gwamnatin Namibiya.