Yadda Harsashi Ya Bar Maƙera Ya Koma Masana'anta

Ka taɓa tambayar kanka daga ina kalmar "harsashi" ta fito? Daga Larabci muka aro ta, "arrasas", ma'anarta dalma. Albarushi ma haka, daga "albarud". Sunan ya nuna maka asalin abin: ɗan curin dalma ne kawai. Dalma kuwa tana narkewa a zafin digiri 327, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Shi ya sa shekaru aru-aru yin harsashi aikin hannu ne.

Ka dubi bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, irin ta maharban Garu da sauran ƙauyukan ƙasar Illela. Ta baki ake ɗura ta, cikin bututunta kuma sumul yake. Ba ta da tsirfa: dalma, guntun ƙarfe, har tsakuwa, duk abin da ya shiga za ta tofar. Don haka maƙerin gari ya ishe ta. Illarta ita ce ba ta da saiti, ɗurinta na cin lokaci, kuma da damina albarushi kan jiƙe.

Wannan ne ya sa a farkon Daular Usmaniyya doki da mashi da baka suka fi bindiga daraja. A 1826 Bature Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari a Konya. Mayaƙa dubbai ne, amma masu bindiga ba su kai hamsin ba. Daga baya abin ya canja. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa albarushi, ana kuma ƙera igwa a cikin Zinder.

To, a daidai lokacin da maƙeranmu ke ƙwarewa, sai Turai ta sauya tsarin gaba ɗaya. Aka haɗa dalma da albarushi da ɗan abin da ke tada wuta a cikin kwanson tagulla guda, ana ɗura shi ta baya. Aka kuma yi wa cikin bututun bindiga zane mai murɗewa, wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar katantanwa, ya tafi sak. Ka ga irin wannan bindiga ba ta karɓar "duk abin da ya samu". In kwanso ya ɗara ko ya gaza da kaurin gashi, sai ta cije ko ta fashe a hannun mai ita. Awo irin wannan na inji ne, guduma da uwar maƙera ba za su iya ba. A 1884 kuma Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai aman harsashi kusan 600 a minti ɗaya.

Sai ga siyasa ta biyo baya. A yarjejeniyar Brussels ta 1890, ƙasashen Turai suka taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani da harsasansu, suka bar mana tsofaffin masu ƙyastu. Sarkin da ya samu sabuwar bindiga ta ɓarauniyar hanya, ran da kwansonsa ya ƙare ta zama sanda. Maƙeran Samori Ture sun yi ƙoƙari, suna kwaikwayon bindigogin Faransa suna sake cika tsofaffin kwanso, amma hannu bai taɓa kamo inji ba. Faransawa suka kama shi a 1898.

Sakamakon ya iso har bakin iyakarmu. A watan Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙona Birnin Ƙonni, maƙwabciyar Illela, ta kashe jama'a masu yawa. Ran 15 ga Maris 1903 dakarun Ingila suka fuskanci Sarkin Musulmi Attahiru a filin Giginya da igwa da bindigogin Maxim. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba ranar, amma mahaya ba su ma samu isa ga abokan gaba ba. A Yulin shekarar aka kashe shi a Burmi.

Yau a Amurka akwai masu sake cika kwanso a gida don nishaɗin harbi. Amma ka lura, su ma daga masana'anta suke sayen albarushi da abin tada wutar. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba, kuma tun 1964 gwamnati ta kafa DICON a Kaduna don wannan aiki. Ban da doka, dalmar kanta guba ce. Ka tuna da Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400.

Saboda haka in ka ji rugugin 'yan bindiga a hawan Sallah, hayaƙi ya turnuƙe fada, ka san tsohuwar fasaha kake kallo: albarushi zalla, ba dalma, daga zamanin da maƙerin unguwa ke iya ciyar da bindiga.