Daga Takarda zuwa Allo: Akun Wa Ya Fi Gaskiya?

Tun da aka fara mai da littattafan yara fim, kukan masu karatu ɗaya ne: an canza musu labari. Da fim ɗin Harry Potter na farko ya fito a 2001, shekara huɗu bayan littafin, masoyansa sun koka da cire Peeves, aljanin nan mai ɓarna.

Mu ma muna da namu misali. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, aka buga kundayensa uku daga 1937 zuwa 1939. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da shi wasan kwaikwayo. Wanda ya tashi da littafin ya riga ya ƙera Aku da Musa ɗan sarki a zuciyarsa, da wuya na allo su yi daidai da nasa.

Sai dai tarihi na tunatar da mai ƙorafi cewa Imam kansa aro ya yi. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Indiya da na ƴan'uwa Grimm, ya sa musu rigar Hausa. Ashe littafin ma sauyin wani ne.

Saboda haka hatsarin ba a sauyi yake ba, a jerin abin yake. Hausawa sun ce gani ya kori ji: yaron da ya fara da kallo, an riga an zana masa akunsa. Malaman Gaya, a fara ba yara littafi, kallo ya biyo baya, sannan su gwama da bakinsu.