Lesin Not da Muɗala'a

Ɗalibin kwalejin ilimi da ya fita koyarwar gwaji ya san abin da mai duba shi zai fara tambaya: ina lesin not? Mukan ce masa shirin darasi, amma a bakin malamai sunan ya koma na takarda kawai: manufa a sama, sai kayan aiki, matakai, tambayoyin auna fahimta, hedimasta ya sa hannu da jan biro.

Jerin nan yana da asali. Ralph Tyler na Jami'ar Shikago ne ya shimfiɗa shi a 1949: a fara da manufa, a zaɓi ayyuka, a tsara su, sannan a auna. Da masu bincike a Amurka suka fara tambayar malamai yadda suke shiri a zahiri, sai aka ga ba haka abin yake ba. John Zahorik ya gano a 1975 cewa galibinsu da abin da za a koyar suke farawa, kuma aikin da yara za su yi ya fi cin hankalinsu fiye da rubuta manufa. Tun 1968 Philip Jackson ya raba aikin malami gida biyu, na lokacin da yake shi kaɗai da na lokacin da yake gaban yara, ya kira kowannensu koyarwa. Wannan suna ya fi burge ni, don ya lissafa zaman tunanin malami cikin aikinsa.

Malaman zaure sun daɗe da nasu sunan: muɗala'a. Kafin malam ya ja wa ɗalibai baƙin Ishmawi ko Risala, sai ya zauna da littafin, ya nemo Hausar da ta dace da kowace kalma, ya hango inda mai karatu zai kakare, ya tanadi misalin da zai kuɓutar da shi. Ba wanda zai sa masa hannu. Irin wannan sani ne Lee Shulman ya ware da suna a 1986: sanin darasi ta fuskar wanda ake koya wa.

Takarda tana da amfani ga sabon malami, tana hana shi daburcewa a gaban aji. Damuwata ita ce maki kan bi abin da ke da suna a fom ɗin dubawa, muɗala'a kuwa ba ta da gurbi a ciki, shi ya sa ɗalibi kan kwafi na abokinsa ya wuce. Da mai dubawa zai ɗan ajiye takardar ya tambaye shi, "A ina kake jin yaran nan za su rikice yau, kuma me ka tanadar musu?", da kwafi bai cece shi ba.