Daga Gandu Zuwa Fansho a Tasawa da Mayahi

A da, manomin Tasawa ko Mayahi bai san ranar ajiye aiki ba. Ƙarfi ya ja baya, sai ya danƙa wa babban ɗansa gandu, ya koma sasanta rigima da ɗaurin aure, hatsinsa na fitowa daga rumbun gida.

Fansho kuwa Turawan Faransa suka zo da shi, tsofaffin sojoji na cikin waɗanda suka fara karɓa. Amma a Disamba 1959 Faransa ta daskarar da kuɗinsu, na takwarorinsu Turawa na ta ƙaruwa. Zalunci ne tsagwaronsa. Sai Janairu 2011 aka kammala daidaitawa, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.